Lauyan kyauta da haƙƙin ɗan ƙwadago a arewacin Kamaru: talaka yana faɗuwa tun kafin ya ga alƙali

Duk sanda aka tada maganar lauyoyin dake tsayawa talaka kyauta, abun da mutanenmu ke fara cewa shine ai babu su, wai wa ya taɓa ganin avoka, wato lauya, ya buɗe baki ba'a ajiye masa komai ba. Akwai su jama'a, a Marwa akwai, a Garwa akwai, Ngaundere ma haka, sai dai basu da yawa, tunda mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Duwala da Yawunde suka tare inda kamfanoni da kuɗi suke. Amma ni a ganina ƙarancin nasu ba shine babban ciwon ba. Babban ciwon shine yanayin da talaka yake isowa gabansu, a makare, ba takarda ko ɗaya a aljihu, ba shaida, sau da yawa ma ya riga ya dangwala yatsa a kan abun da bai san me aka rubuta a ciki ba. Lauya kuwa komai iya maganarsa, ko da dala bai karɓa ba, da abun da aka kawo masa zai shiga kotu.

Mu fara da ɗan ƙwadago tunda nan ne abun yafi yawa. Dokar aiki ta Kamaru da aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992, in ka karanta ta zaka sha mamakin irin gatan da tayi wa ma'aikaci a rubuce. Shari'a tsakanin ma'aikaci da maigidansa kyauta ce, a kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duka. Ba dole sai da avoka ba, wakilin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, zai iya tsaya maka, ko ma wani ma'aikacin da kuke sana'a iri ɗaya. Alƙali baya zama shi kaɗai, akwai mutum biyu a gefensa, ɗaya daga ɓangaren masu ɗaukar aiki ɗaya daga ɓangaren ma'aikata. Kuma abun da mutane da yawa basu sani ba, yarjejeniyar baki ma doka ta san da zamanta, ba sai an rubuta kontira, wato takardar yarjejeniyar aiki, ba kafin a kira ka ma'aikaci, kuma ta kowace hanya kana iya tabbatar da cewa kayi aikin. In an kore ka, maigidan ne zai kawo hujjar cewa korar tana da dalili, in kotu ta ga zalunci ne diyyar bata gaza albashin wata 3 ba, iyakarta kuma albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar da kayi kana masa aiki. Mafi ƙarancin albashi tun 2014 yana kan sefa 36,270, a watan Maris 2023 aka ɗaga shi zuwa 45,000 ga masu aikin gona da 60,000 ga sauran ma'aikatan masu zaman kansu. Toh yanzu dan Allah kowa ya duba unguwarsu ya gaya min mai gadi nawa ne, ko yaron shago nawa, ko yarinyar aikin gida nawa ce ke karɓar wannan kuɗin.

Inda gizo ke saƙar shine hanyar da ake bi. Ba'a zuwa kotu kai tsaye, dole sai an fara ta ofishin inspektan aiki, shi zai kira ku ku biyu ya gwada sulhu, in an daidaita a rubuta takardar sulhu, in ba'a daidaita ba ya baka takardar da ke nuna sulhu ya gagara, da ita zaka shiga kotu. Wannan zaman na gaban inspekta shine zuciyar shari'ar gaba ɗaya, kuma nan ne daidai talaka yake zuwa shi kaɗai. Zai zo yace ranka ya daɗe albashina na wata huɗu nake nema, shikenan, bai san yana bin kuɗin hutun da bai taɓa tafiya ba (doka tace kwana ɗaya da rabi a kan kowane watan aiki), bai san da kuɗin wa'adin kora ba, bai san da kuɗin sallama ba, bai san cikon da ke tsakanin abun da ake bashi da mafi ƙarancin albashi shima haƙƙinsa bane. Kuma abun da bai faɗa a gaban inspekta ba aka rubuta, in yaje kotu daga baya yace yana nema, alƙali ba zai saurara ba. Kaga kenan lauyan da zai zauna da mutum rabin awa kafin wannan zaman, ya ɗauki biro ya lissafa masa abun da yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya fi masa amfani a kan wanda zai sa baƙar riga ya tsaya masa a kotu bayan an gama ɓata dosiye, wato fayil ɗin ƙarar.

Sannan ga yunwa. Maigida yana iya ƙin zuwa, a ɗage, ya aiko yaronsa yace yayi tafiya, a sake ɗagewa, shi ba abun da ya rage shi, shi kuma ma'aikacin kullum ya zo ofis ranar ba cefane a gidansa, in daga wajen gari yake kamar ƙauyukan Mora ko Mokolo ko Maga ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ƙarshe sai a miƙo masa kashi ɗaya cikin biyar na haƙƙinsa ace karɓi ko ka bari, ya karɓa, kuma ni bana ganin laifinsa wallahi, mai yara a gida baya iya jiran shekara biyu. Abun lura a nan, takardar da maigida ke sa mutum ya sa wa hannu a shago ko a ofis wai na karɓi komai bana bin komai, doka tace wannan bata hana ka neman haƙƙinka. Amma sulhun da aka rubuta a gaban inspekta shugaban kotu ya buga masa hatimi, wannan kam ya ɗaure ka. Mutane suna jin tsoron ta farko suna sakaci da ta biyu, alhali ta biyun ce abar tsoro.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce tafi cin mutanenmu saboda kunya da kara. Neman albashi yana da wa'adin shekara 3, in ya wuce ya tafi. Mu kuma tsarinmu na kasuwa kowa ya sani, yaro zai zauna da maigidansa shekara bakwai shekara goma, ba albashi tsayayye sai kuɗin abinci da ɗinkin sallah, akan alƙawarin wata rana za'a sallame shi a bashi jari ya tsaya da ƙafarsa. In Allah ya haɗa shi da mutumin kirki tsarin nan yana da kyau ƙwarai, manyan 'yan kasuwa da yawa a Garwa da Marwa da Kusiri ta nan suka taso, bana kushe shi. Amma in aka samu saɓani, ko maigidan ya rasu magada suka ce basu san zancen ba, ko aka laƙa masa sata ana saura kaɗan sallama, to yaron nan ya tashi a tutar babu, alƙawarin jari ba'a rubuce yake ba, albashin baya kuma na shekara 3 na ƙarshe kawai zai iya nema. Wasiƙa ɗaya rak da zai rubuta wa inspekta tana tsayar da wannan wa'adin, wasiƙar da ɗalibin shari'a zai rubuta a minti goma, amma wa zai gaya masa, kuma ta yaya zai kai ƙarar mutumin da yake kira Baba ko Kawu.

Kuma a nan dole mu faɗawa kanmu gaskiya. In ana maganar haƙƙin ma'aikata hankalinmu yana tafiya kan manyan kamfanoni da gwamnati, alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba'a irin waɗannan wurare suke ba, suna kasuwa, suna tasha, suna gareji, suna gidajen mutane. Wanda ke riƙe da haƙƙin yaron mota, da mai dako, da mai tuƙa moto yana kawo balas kullum, da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke tun asuba, galibi namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa dashi a masallaci. Mun haddace hadisin biyan ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, muna jinsa a wa'azi muna gyaɗa kai, amma ranar da yaro ya kai takarda ofishin inspekta sai unguwa ta ɗauka, ance ya kai Alhaji ƙara wajen nasara, ya ci amanar gidan da ya rene shi, ba wanda zai sake ɗaukarsa aiki a layin. Wannan tsoron yafi tsoron kuɗin lauya ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi yasa lauyan da ya san garin baya fara wa da kotu, zai bi ta wajen liman ko sarkin kasuwa ko lawan, a zauna a yi sulhu, kuma ni ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari da sharaɗi ɗaya, a rubuta adadin kuɗin da ranar biya, shaidu su sa hannu, kuma kar a danne yaron da kalmar haƙuri tun kafin ya gama faɗin abun da yake bi.

Rajistar CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, ma haka take, maigida ne doka ta ɗora wa yiwa ma'aikacinsa rajista da zuba masa kuɗi, kuma mutum baya gane muhimmancinta sai ranar da inji ya cinye masa yatsu ko ya faɗo daga saman gini ko ƙarfi ya ƙare. Akwai dokar ranar 14 ga Afrilu 2009 kan taimakon shari'a ga marasa hali, wadda tace ma'aikacin da yayi hatsari a bakin aiki yana da wannan taimakon kai tsaye in zai nemi diyya, haka wanda abokin aurensa ya watsar dashi ba aiki ba abun hannu yana neman kuɗin ciyarwa. Sauran mabuƙata kuwa sai sun rubuta buƙata zuwa kwamitin da ke kotun, sun haɗa da takardar shaidar talauci daga meri (ofishin magajin gari) da takardar haraji, su jira kwamiti ya zauna. Wato mutumin da bashi da kuɗin lauya sai ya kashe kuɗin mota da hoto da fotokofi domin ya tabbatar da cewa bashi da kuɗi, da Faransanci kuma, a yankin da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Kanuri da Mafa da Tupuri ne yaren kasuwa. In kuma bashi da takardar haihuwa, wadda dubban mutane a jihar Arewa Mai Nisa basu da ita, to bashi da dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuma sai ya fara da neman hukuncin kotu na maye gurbin takardar haihuwar kafin komai. Lauyoyi da ƙungiyoyin dake bin ƙauyuka suna haɗa wa yara wannan takardar a zaman kotun tafi da gidanka, a wajena suna cikin masu aikin kare haƙƙi mafi girma, ko da ba'a saka su a rediyo.

Ɓangaren 'yancin ɗan ƙasa kuwa, wato kamu da tsarewa, nan makara tana iya zama rai. Dokar shari'ar laifuka da ta fara aiki a Janairun 2007 tace tsarewa a komisariya (ofishin 'yan sanda) ko birgad (ofishin jandarma) awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce, kuma tun daga nan mutum yana da damar ganin lauya da likita da sanar da danginsa. Tsarewar jiran shari'a wata 6 ce, ana iya ƙarawa, amma duk tsiya bata wuce wata 12 a ƙaramin laifi da wata 18 a babba. In aka wuce akwai ƙarar da ake shigarwa gaban shugaban babbar kotu a nemi sakin mutum nan take. Takarda ce shafi ɗaya ko biyu, amma sai an samu wanda ya san mutumin yana ciki, ya san ranar da aka shigar dashi, ya ƙirga. Akwai mutane a gidan yari da ba abun da ke riƙe dasu illa babu mai ƙirga musu.

Dokar ta'addanci ta ranar 23 ga Disamba 2014 ta sauya wannan lissafin a yankinmu, ta kai fararen hula kotun soja, ta maida tsarewar farko kwana 15 da ake iya ta sabuntawa. Ba wanda ya manta abun da Boko Haram tayi mana a Kolofata da Fotokol da Amchide, da bama-baman Marwa na Yulin 2015, mu aka kashe, kuma sojojin da suka mutu suna kare mu 'ya'yan mutane ne. Amma a cikin wannan yaƙin an kwashi waɗanda basu ji ba basu gani ba. A Disambar 2014 an kwashe yara 84 daga makarantun allo a Girvidik aka riƙe su wata shida. A ƙauyukan Magdeme da Duble an kama maza fiye da 200 ranar 27 ga Disamba 2014, hukuma da kanta ta amsa cewa 25 sun mutu a daren farko, kuma Amnesty ta ƙirga fiye da 130 da ba'a san inda suke ba. Gidan yarin Marwa da aka gina domin mutum 350 ya ɗauki fiye da 1,000. Ahmed Abba wakilin sashen Hausa na RFI, wanda muke jin muryarsa a gidajenmu, an kama shi a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015, kotun soja a Yawunde ta yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, a ɗaukaka ƙara aka maida wata 24, ya fito a Disambar 2017. Shi yana da gidan rediyo a bayansa da lauyoyi da duniya tana kiran sunansa, duk da haka sai da ya kusa shekara biyu da rabi a tsare. Toh ina ga manomin da aka ɗauko daga bakin iyaka, baya jin abun da ake faɗa a kotun, lauyan da kotu ta naɗa masa kuma da safen nan ya fara ganin dosiyensa, ana biyansa ɗan abun da bai taka kara ya karya ba, shima sai an ja masa rai. Lauyoyin da suka riƙa ɗaukar irin waɗannan shari'o'in sun sha zargi, har a unguwa ana cewa suna kare 'yan ta'adda, alhali tantance mai laifi da mara laifi suke taimakawa ayi.

In mutum yana son ganin iyakar abun da naci a aikin lauya ke iya yi, ya tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri ya shiga Injamena. Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, kwamitin binciken 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. A Fabrairun 1992 aka harbe lauya Joseph Behidi mataimakin shugaban ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta LTDH. Duk da haka Souleymane Guengueng da ya fito daga kurkukun DDS, 'yan sandan siyasa na Habré, ya riƙa tattara bayanan waɗanda aka azabtar, mutum bayan mutum, a rubuce, yana ɓoyewa, kuma da waɗannan takardun aka shigar da ƙarar Habré a Dakar, inda yake gudun hijira, a shekarar 2000. Lauya Jacqueline Moudeina da ta riƙe shari'ar an jefa mata gurneti a Yunin 2001 a wajen zanga-zangar mata gaban ofishin jakadancin Faransa, tayi jinya ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yankewa Habré ɗaurin rai da rai, a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, tace a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82. Ya mutu a Agustan 2021 ba'a biya ba, sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, da yawa daga masu haƙƙin suna ƙasa. Abu biyu nake ɗauka a nan, shari'ar ta tsaya ne saboda wani ya rubuta tun da wuri, kuma cin shari'a daban karɓar kuɗi daban. Ɗan ƙwadagon da yaci maigidansa a kotun Garwa shima sai ya nemo wisiye, wato mai aiwatar da hukuncin kotu, ya biya shi kafin a tilasta biyan, nan ma da yawa suke gajiya su bari da hukunci a hannu.

Abun da Chadi tayi da ya kamata mu kwaikwaya shine horar da mataimaka shari'a. Cibiyar PILC da lauya Delphine Djiraibé ta kafa a Injamena a 2006 tana koyar da mutanen gari, mata da yawa a ciki, su san matakin farko, wane ofis ake zuwa, me ake rubutawa, yaushe wa'adi ke cika, sai abun ya fi ƙarfinsu su miƙa wa lauya. A Marwa reshen ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, da su Aïssa Doumara suka buɗe a 1996 yana irin wannan aikin ga matan da aka ci zarafinsu da yaran da aka yiwa auren dole. Ɓangaren ƙwadago ne ba kowa. Ga jami'ar Ngaundere da ta Marwa suna yaye ɗaliban shari'a duk shekara, 'ya'yanmu ne, suna jin Hausa suna jin Fulatanci suna rubuta Faransanci, da yawansu suna zaune ba aiki. Tebur ɗaya a kusa da babbar kasuwa ranar da aka sani, lauya ɗaya yana duba abun da suka rubuta, zai ceci haƙƙin mutane masu yawa kafin ya lalace.

Sai dai kyautar nan wani ne ke biya. Lauyan da ya yafe kuɗin aikinsa shi ke zuba mai a mashin ya je gidan yari, shi ke biyan fotokofi, in an maida shari'a Yawunde tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce daga Marwa, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa kwana guda, kuma yana da haya da iyali kamar kowa. Kuɗin ƙungiyoyin waje yana zuwa da wa'adi, shekara biyu uku aikin ya rufe, shari'a kuma bata san wa'adin aikin ƙungiya ba. Gwamnati ce ya kamata ta biya lauyoyin da kotu ke naɗawa kuɗi mai ma'ana a kan lokaci, ta sa kwamitocin taimakon shari'a su riƙa zama, ta samar da tafinta na gaskiya, kuma alherin mutum biyar ko goma bai sauke mata wannan nauyin ba. Mu kuma da muke haɗa kuɗi cikin dare ɗaya in ɗan'uwa ya kwanta asibiti ko gobara ta ci rumfa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na masu moto da kwamitocin masallatai suna iya ware asusu na kuɗin mota da takardu da wisiye, a damƙa shi hannun mutanen da ba yaran kowane Alhaji bane, saboda wata rana ƙarar da asusun zai ɗauka a kan ɗaya daga cikin masu zuba kuɗin zata kasance.